Aman Kwamishina

Litinin, da safe

Kwamishina ta sake yi, kuma yau takalmina na zuwa makaranta ta zaɓa. Gidan nan ko'ina tayil ne, tsumma ɗaya ya isa, amma magen nan sai ta bi ta nemo abin da ya fi wuyar wanki. Na zura ƙafa na ji ɗumi. Curin gashi ne dogo kamar ɗan yatsa, cikin wani ruwa rawaya-rawaya. Ita kuwa tana saman firji tana kallona, ko a jikinta.

Umma ce ta raɗa mata Kwamishina, wai don ba ta aikin fari balle na baƙi, amma ita ake fara zuba wa abinci. Baƙa ce wuluk mai gashi buzu-buzu. Shekarar da Baba ya rasu ta shigo ta baranda tana 'yar mitsitsiya, ta haye cinyar Umma ana tsakiyar yi wa wata mata kitso, tun daga nan ba ta sake fita ba.

Na kai ƙara ɗakin Umma da takalmin a hannu. Ta ce, "Auta, ke da kike fama da aji guda na yara, aman mage ɗaya ne ya gagare ki?" Na ce yaran ba sa yi mini a takalmi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da silifas na je aiki, shugabar makaranta ta bi ƙafata da kallo.

Laraba, bayan an tashi

A kan darduma. Sai kuma bayan kujera, inda sai na ja kujerar kafin hannuna ya kai.

Kowa ya zama likita. Mai shagon ƙasan benenmu ya ce in ɗura mata man girki. Matar Yaya ta bugo ta ce in ɓallo rabin maganin ciwon kai in jiƙa mata. Wata malama a ofis ta ce mage ba ta amai haka kawai, wani abin ta gani a gidan. Na ce ta gani mana, ta ga takalmina.

Umma ta ci cokali kaɗan da rana, shi ma don Kwamishina na gefenta tana cin nata. In ba haka ba ko kallon kwanon ba ta yi.

Alhamis, da yamma

Ranar asibiti. Yaya ya zo da mota ya kai ta, ya dawo da ita. Ta shige ɗaki ta kwanta, ba ta ko cire mayafi ba.

Yana fitowa daga ɗakinta ya taka aman. Da safa.

Ya kira ni bakin matakala don kada ta ji. Ya ce, "Kin san abin da likita ya faɗa. Tun da aka fara mata maganin ciwon dajin nan, jininta ba shi da ƙarfin yaƙi da komai. Mu muna can muna wanke hannu kamar za mu sale fata, ke kina nan kin bar dabba tana zubar da ƙazanta a ƙofar ɗakinta."

Na ce ni ce na bar ta? Ni ke gogewa safe da yamma.

Ya ce shi ba musu ya zo yi ba. Abokinsa yana da gidan kaji a bayan gari, yana neman mage saboda ɓeraye. In aman nan bai tsaya ba zuwa ƙarshen wata, zai zo da kwali. Na ce Kwamishina ba ta taɓa kama ko kyankyaso ba, kuma in ya ɗauke ta, sai ya zo ya riƙa ba Umma abinci da kansa. Ya ce, "Auta, ran Umma nake magana," ya sauka.

Haushin da nake ji shi ne yana da gaskiya, ni ma ina da ita.

Asabar, da hantsi

Likitan dabbobi. Na kai ta cikin kwandon wanki na rufe da tawul, tun daga gida har can tana zagina da yarenta. Mai tasi ya ce nan gaba in faɗa masa tun kafin in shiga.

Likitan wani dogo ne marar gaggawa, hannunsa duk tabon yaƙushi. Ya matsa cikinta, ya duba baki, ya auna ta. Ya ce mage da harshe take wanka, harshen kuma kaushi gare shi, duk gashin da ya kama haɗiye shi take. Yawanci yana fita ta ƙasa. In ya yi yawa sai ya dunƙule ta amayo shi. Jefi-jefi ba komai ba ne, amma kusan kullum ya yi yawa.

Na faɗa masa shawarar matar Yaya. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malama, da kin ba ta wannan ƙwayar, da yanzu rami kike haƙa. Maganin mutum guba ne gare su. Man girkin ma ki bar shi a kicin."

Abin da ya ɗora mini: in taje ta da buroshi kullum, don gashin da ya zube ya ƙare a hannuna ba a cikinta ba. Abinci kaɗan-kaɗan, ba tuli guda ba. Ruwa a wurare daban-daban. Ya ba ni wani man shafawa mai kama da man goge baki, wai in lakata mata a ƙafar gaba, za ta lashe don tsabtarta. Ya ce in na ga tana kakari ba abin da ke fitowa, ko ta daina ci, ko ta daina bayan gida, kada in jira gari ya waye.

Ni da ban samu lokacin taje kaina ba, yanzu mage zan riƙa tajewa.

Lahadi, da la'asar

Na lakata mata man. Ta kalli ƙafar, ta kalle ni, ta yarfe shi a bango. Yana nan kusa da agogo.

Talata, da safe

Yaƙushi a hannu, yaƙushi a wuya. Wani yaro a aji ya tambaye ni ko faɗa na yi da mijina. Na ce ba ni da miji, buɗe littafinka.

Umma ta ji artabunmu ta fito tana dafa bango. Ta ce, "Haka ake taje mai rai? Kamar kina kankare tukunya. Miƙo nan." Ta zauna, Kwamishina ta haye cinyarta da kanta, munafuka. Umma ta fara daga wuya tana bin yadda gashin ya kwanta, in ta tarar da ƙulli ta riƙe tushen da yatsu biyu ta warware daga baki. Magen har lumshe ido take.

Shekarun da Umma ta yi tana kitso sun fi shekaruna. Matan unguwa layi suke yi a barandar nan, ita tana kan kujerarta 'yar tsugunne, su suna kan tabarma tsakanin gwiwoyinta. Ni kuwa tun ina ƙarama ta yanke hukunci cewa hannun birkila gare ni. Nata kan ko kusa ba ta bari in taɓa. Da madubi biyu take yi wa kanta, furfurar nan tata mai tsawo har kafaɗa, tana yi tana cewa duk 'yan matan yanzu ba mai rabinta.

Buroshin bai zagaya jikin magen ba ta ajiye shi. Ta ce ta gaji da zama ne kawai.

Alhamis, da yamma

Ranar asibiti. Ba ni da abin rubutawa.

Juma'a, bayan Azahar

Ina tajewa. Ina lakata man, yanzu a gefen baki nake shafa mata ta lashe dole. Na sa kwanon ruwa a kicin, a falo, a baranda, har na yi tuntuɓe da ɗaya. Na shuka mata ciyawa a gwangwani. Gashin da nake cirewa a buroshi ya isa a ɗinka wata magen.

Duk da haka ta yi, a kan takardun jarrabawar yara.

To daga ina take samo shi? Ni dai na rasa gane kan wannan dabba.

Umma ma ta ƙara mini nata. Na shiga in cire rigar filonta in haɗa da wanki, ta ce in bari, ita za ta wanke. Na ɗauko tsintsiya, ta ce ta riga ta share. Matar da ba ta iya ɗaga butar shayi. Kuma ga zafin nan amma ɗankwali biyu take ɗaurawa, har barci da su take. Bayan Azahar kullum sai ta kira Kwamishina ta turo ƙofa, wai za su huta. Na ce, "Umma, ni ce bare a gidan nan ke nan?" Ta ce, "Ke surutu gare ki, ita ba ta da shi."

Lahadi, da safe

Yaya ya bugo. "Yaya magen?" Na ce da sauƙi. Ina faɗa tana kakari a bayana, ya ji da kunnensa. Ya ce, "Na ji sauƙin."

Talata, da rana

Ban je makaranta ba. Tun jiya Kwamishina ba ta taɓa abinci ba, tiren yashin da take bayan gida a ciki kuma yadda na share shi haka yake. Sai ta miƙe wuya ta yi ta kakari, ba abin da ke fitowa, ta koma ƙarƙashin gado. Umma ma ta ture shayinta. Biyu ke nan a gida ɗaya, kowacce ta juya mini baya.

Muna hanyar zuwa wajen likitan dabbobi cikin tasi Kwamishina ta amayo shi a cikin kwandon, wani ƙato da ban taɓa ganin irinsa ba. Na naɗe a leda na tafi da shi, don likitan ya ga ba sharri nake mata ba.

Ya ce ta auna arziki da ya fito da kansa, da ya wuce hanji sai an yanka. Ya yi mata allura, ya ƙara mata ruwa. Sannan ya sa safar hannu ya zuba abin a faranti, ya sa masa ruwa, ya dinga warwarewa da ɗan ƙarfe. Ina tsaye ina toshe hanci ina tunanin yau kuma ga inda rayuwa ta kawo ni.

Ya jawo wani sili. Ya yi ta ja, yana ta fitowa, ya fi tsawon hannunsa. Ya jawo wani. Ya ɗaga su saitin taga.

Ya ce, "Magenki baƙa ce, Malama. Wannan fari ne, kuma ba gashin mage ba ne. Shi ne yake ɗaure sauran kamar zare, shi ya sa ba ya wucewa. Akwai mai furfura a gidan?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Da yawa take haɗiya. Ba sili ɗaya ko biyu da ake tsinta a ƙasa ba ne."

Ya dube ni, ya rufe farantin, bai sake tambaya ba. Ya ce dai in dai ba a raba ta da inda take samunsa ba, buroshi da mai duk aikin banza ne, kuma wata rana ba zai fito ba.

Laraba

Ban shiga aji da hankalina ba.

Alhamis, da yamma

Ranar asibiti. Ni na bi su yau. Na tare wata nas a barandar asibitin na tambaye ta maganar mage. Ta ce ba dole sai an rabu da ita ba, amma kada Umma ta taɓa amai ko tiren yashi, kada a bari ta yaƙushe ta ko ta lashe ta, kuma aman ya kamata ya tsaya. Na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Kin ji ai. An ce ya tsaya. To ya tsaya ɗin?"

A mota Umma ta dafe ɗankwalinta da hannu tun daga asibiti har gida, wai iska.

Juma'a, bayan Azahar

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ba leƙe na je yi ba, kofi na je ɗaukowa.

Umma tana kwance ta ba ƙofa baya. Ɗankwalayen suna ninke a gefen filo. Kwamishina ta zauna saitin kanta, ta dafa ta da ƙafa ɗaya, tana lasa a hankali kamar yadda uwa take wa ɗanta. Umma tana mata magana ƙasa-ƙasa, irin hirar da take wa masu kitso.

Ba zan rubuta yadda maganin ya mayar da kan ba.

Na koma kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke. Na ji haushin magen, na ji haushin Yaya, na ji haushin Umma da ta zaɓi dabba ta nuna wa ta bar ni. Sai kuma na zauna a kan bokiti na yi kuka, famfo yana zuba don kada a ji.

Asabar, da yamma

Na kulle Kwamishina a ɗakina bayan Azahar, na ce likita ne ya ce ta huta ita kaɗai. Ta yi ta ihu tana kartar ƙofa kamar ana yanka ta. Umma ba ta yi barci ba, ba ta ci na rana ba, ba ta ci na yamma ba. Wannan dabarar ta mutu.

In na yi shiru, ko Yaya ya ɗauke ta ko wata rana abin ya toshe ta. In na yi magana, na yaye wa Umma abin da take ta rufewa da ɗankwali biyu. Ina ma a ce aman takalmi ne kawai damuwata.

Lahadi, da la'asar

Ina taje magen a falo, Umma tana kishingiɗe tana gyara mini riƙon buroshi da baki. Can ta ce, "Wai me likitan nata ya ce ne ranar nan? Tun da kika dawo kike kumbure-kumbure."

Na ce ya ce gashi ne.

"Wannan ai ko ni na sani."

Na ce, "Ya ce ba nata ba ne, Umma."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da tajewa, wuri ɗaya nake ta bi har magen ta cije ni. Umma ta tashi zaune. Sannan ta ce, "Zai iya kashe ta?" Na ce ya ce zai iya. Ta ce to. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa, ba ta kira Kwamishina ba.

Talata, da hantsi

Yaya ya zo da kwalinsa, har ya huda masa ramukan shan iska. Yana ajiyewa a tsakar falo, shashashar ta zo ta shinshina, ta yi tsalle ta shige ciki ta kwanta. Makonni ina kare ta da jinina, ita ta kai kanta.

Yaya ya ce, "Kin gani, ita ma ta yarda."

Sai ga Umma a bakin ƙofa. Ta ce, "Kai, zauna nan, kada ka taɓa kwalin nan. Auta, ɗauko mini kujerata da tabarma ki kai baranda. Ki haɗo da almakashi da reza sabuwa."

Na kai. Na gyara mata kujerar, ta ce, "Ba ni ba, ke." Ta dafa kafaɗata ta sauka a kan tabarma, ta juya baya, ta zauna tsakanin gwiwoyina, inda matan unguwa suke zama. Ta kwance ɗankwalin sama, ta kwance na ƙasa, ta ninke su a cinya.

Ta ce, "Sauran gashin nan da nake ta lallaɓawa, ba amfanin da yake mini, ita kuma yana neman kashe ta. Kwashe shi duka. Ki bi a hankali, hannun birkila."

Bai kai cikin tafin hannu biyu ba. Ina askewa, tana ba ni umarni: ja fatar da yatsa, bi yadda ya kwanta, kada ki koma inda kika wuce. A bayan kunne ta ce, "Nan kin yi daidai." Tun da nake ba ta taɓa faɗa mini haka a kan kai ba.

Da na gama ta tattara gashin da kanta ta ƙulle a leda, ta ce in kai shara ta waje mai murfi, inda Kwamishina ba za ta kai ba. Sannan ta ɗaga murya ta kira Yaya, ba ta mayar da ɗankwalin ba.

Ya zo bakin baranda ya tsaya. Ta ce, "Ga abin da take haɗiya, an cire. Lasa kuma na hana ta daga yau. Saura me?" Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Umma." Ta ce amin, ya tafi ya wanke fuska kafin ya ja mota.

Kwalin ya bar shi. Kwamishina tana ciki har yanzu.

Alhamis, da yamma

Ranar asibiti. Na saya mata hula mai laushi, ta ce ta yi kama da ta jarirai, amma ta saka. Bayan Azahar yanzu ƙofa a buɗe take. Kwamishina ta gwada lasar hular, ta tofar, ta koma wajen ƙafafu tana fushi. Umma ta ci rabin kwano.

Asabar

Ba ta yi ba.

Talata

Ba ta yi ba. Yaya ya bugo ya tambayi Umma, sannan ya ce, "Ita kuma mai gidan fa?"

Litinin, da safe

Ta yi. A takalmin dai, na dama, wanda na wanke na shanya na ɗora a saman kabad don kada ta kai.

Na kai shi baranda, na zuba ruwa, na samo tsinke na tsuguna ina warwarewa, ga shi na makara. Umma ta leƙo ta taga da hularta ta ce, "To?"

Na ce, "Baƙi ne duka, Umma. Na duba."

Ta ce, "To sai ki wanke takalminki, kin tsaya kina kallona."

Da silifas na je aiki.